Murɗawar Mara Bayan Fitsari: Yadda Ake Lura da Ita da Yadda Ake Kai Ta Gaban Likita

Mutum ya gama fitsari, ya yi tsarki, ya miƙe zai ɗaura wando, sai ya ji mararsa ta sake tsukewa kamar an damƙe ta da hannu, wani lokaci da ɗan raɗaɗi, wani lokaci kuma da jin cewa akwai sauran fitsarin da bai fita ba. Wani yakan koma ya tsuguna ya yi ta yunƙuri, abin da zai fito bai wuce ɗigo biyu ko uku ba. Wata kuma ta fito daga bayi, kafin ta kai ɗaki ta ji kamar ba ta yi komai ba. A nan Kaduna, daga Rigasa har Kawo, sunan da aka fi ba wannan abu guda ɗaya ne, wato sanyi, maganin da aka fi nema kuwa shi ne kafso daga kemis ɗin unguwa ko jiƙo daga mai maganin gargajiya. Kalmar sanyi ta zama buhun da ake zuba kowace irin matsalar mara a cikinsa, kuma wannan yana jawo hasara, domin abubuwan da ke sa mafitsara ta ci gaba da matsewa bayan fitsari ya ƙare suna da yawa. Wasu ba sa buƙatar magani ko kaɗan, wasu kuwa idan aka bar su suna iya kai mutum ga lalacewar ƙoda.

Matsewar da ke zuwa bayan fitsari, ita kaɗai, ba cuta ba ce. Abin da ke ba ta ma'ana shi ne abokan tafiyarta, kamar jini, ko zazzaɓi, ko raunin fitar fitsari, ko yawan tashi da dare, ko ragowar da ke kwana a cikin mafitsara. Saboda haka aikin farko yana hannun mai abin, domin shi ne ke cikin bayi lokacin da abin ke faruwa, likita kuwa sai abin da aka faɗa masa da abin da awo ya nuna.

Abin da ke faruwa a cikin mara

Mafitsara jaka ce da aka gina bangonta da wata tsoka mai kama da saƙa, wadda likitoci ke kira ditirusa. Mutum ba ya iya umartar wannan tsoka kai tsaye yadda yake umartar hannunsa. Jijiyoyin da ke fitowa daga ƙasan laka ne ke sarrafa ta, su kuma suna jiran izini daga ƙwaƙwalwa. Yayin da ƙoda biyu ke saukar da fitsari, tsokar tana saki tana buɗewa, ta yadda mafitsarar babban mutum za ta iya ɗaukar mililita 400 zuwa 600, wato kwatankwacin ledar fiya wata guda, wadda ke ɗauke da mililita 500. Tun tana kaiwa wajen mililita 150 zuwa 250 mutum ke fara jin alamar fitsari. Idan wuri da lokaci suka dace, sai tsokar da ke tsare ƙofar fitsari ta saki, ditirusa kuma ta matse daga kowane gefe har jakar ta koma babu komai ko kusan haka. Da zarar fitsarin ya tsaya, ƙa'ida ita ce tsokar ta huce, matsin da ke cikin jakar ya sauka, a shiga sabon cikawa.

A jikin wasu mutane matsin ba ya sauka nan take. Yakan ci gaba, ko ma ya sake tashi sama bayan ɗigon ƙarshe ya fita, kuma likitocin mafitsara suna ganin haka a zanen da na'urar awon ƙarfin mafitsara ke fitarwa. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana matsalolin riƙe fitsari, wadda aka kafa a 1971 kuma ake taƙaita sunanta da ICS, ta sa wannan a cikin ƙamusunta na awo a matsayin tashin matsin tsokar mafitsara da ke ci gaba ko ke sabunta da zarar fitsari ya daina gudu. Masana ba su yi ittifaƙi a kan fassararsa ba. Wani lokaci tsokar ce da gaske ba ta gama aikinta ba. Wani lokaci ƙofar ce ta rufe da wuri alhali tsokar na kan matsawa, sai matsin ya hau kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi a tiyo idan an toshe bakinsa da yatsa. Wani lokaci kuma bangon jakar da ta koma fanko ne ke danne bakin siririyar robar da ake zurawa a mafitsara don awon, na'ura ta nuna abin da babu shi. Ana ganin wannan alama a masu lafiyayyar mafitsara, ana kuma ganinta a masu mafitsara mai gaggawa, wato mai yawan kiran fitsarin da ba ya jira, da waɗanda hanyar fitsarinsu ta toshe. Dalili ke nan da likita mai lura ba ya rubuta magani don ita kaɗai. Sannan abin da na'ura ke gani da abin da majiyyaci ke ji ba lallai su zo daidai ba, domin akwai wanda zanensa zai nuna matsewar alhali shi bai ji komai ba.

Fara da rarrabe abin da kake ji

Abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa, kuma kowanne da inda yake nuna.

Na farko shi ne murɗa ko raɗaɗi da ke zuwa daidai ƙarshen fitsari ya ɗan jima bayansa. Mafi yawan lokaci wannan yana nufin fatar cikin mafitsara ta yi kumburi, ta yadda idan bangon ya haɗu da juna a matsar ƙarshe sai ya yi zafi. Ƙwayoyin cuta ne suka fi jawo haka, musamman ga mata saboda gajartar hanyar fitsarinsu, kuma yawanci asalin ƙwayoyin daga hanji ne. Tsakuwa a cikin mafitsara ma tana yin haka, har namiji ya ji zafin yana harbawa zuwa kan mazakuta, wani lokaci fitsarin ya yanke a tsakiya sai ya gyara zama sannan ya ci gaba.

A nan ya kamata a tsaya a kan tsargiya, domin ita ce misali mafi bayyana na yadda matsar ƙarshe ke tona asirin cuta, kuma tana nan a jihar Kaduna kamar sauran jihohin Arewa. Tsutsarta, wadda wani likita Bajamushe mai suna Tiyodo Bilhaz ya gano a birnin Alƙahira a 1851, tana shiga ta fatar mutum idan ya shiga ruwan da wani ƙaramin dodon koɗi mai ɗauke da ita ke rayuwa a ciki. Idan ta girma tana zama a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta kuma su maƙale a bango su yi masa rauni. Idan mafitsara ta yi matsarta ta ƙarshe sai ta tatso jini daga waɗannan raunuka, shi ya sa jinin tsargiya ya fi fitowa a ɗigon ƙarshe. Yaran da ke wanka a kogi da rafuka da kududdufai, da masunta, da masu ɗiban yashi, da manoman rani da ke yini da ƙafa a ruwa, su ne a sahun gaba. A wasu wurare har ana ɗaukar jinin a matsayin alamar balagar yaro, kuma wannan kuskure ne mai tsada, domin tsargiyar da ta daɗe tana taurara bangon mafitsara, tana iya toshe bututun da ke saukowa daga ƙoda, tana kuma ƙara haɗarin ciwon dajin mafitsara bayan shekaru.

Na biyu shi ne jin cewa fitsarin bai ƙare ba. Wannan ji yana iya zama gaskiya, yana kuma iya zama ruɗin mafitsarar da ta fusata alhali babu komai a cikinta, kuma babu mai iya bambance su da tunani sai an yi hoto. Idan gaskiya ne, ga maza manya abin da aka fi zargi shi ne girman furostet, wato ƙullin da ke zagaye da hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda ke ƙara girma a kusan rabin mazan da suka kai shekara 60. Ga matasa kuwa ana duba tsukewar hanyar fitsari sakamakon tabon tsohon ciwon sanyi na saduwa, ko rauni daga haɗari. Ga mata ana duba saukowar mafitsara ko mahaifa bayan haihuwa da yawa. Ciwon suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin mafitsara har ta rasa ƙarfin matsawa, haka nan shanyewar ɓarin jiki da raunin laka suna rikita saƙon da ke tsakaninta da ƙwaƙwalwa.

Na uku shi ne ɗigon da ke sauka a wando bayan mutum ya miƙe. Ga yawancin maza wannan ba daga mafitsara yake ba. Ragowa ce da ta kwanta a wani lanƙwasa na hanyar fitsari a bayan maraina, wadda motsi ke zubo da ita.

Akwai kuma wani ciwon da ke tafiya a baibai, wanda ke ƙaruwa yayin da mafitsara ke cika ya kuma lafa idan an yi fitsari. Mai irin wannan ya faɗa wa likita haka a fili, domin hanyar bincikensa daban ce.

Rubuta kwana uku

Idan babu ɗaya daga cikin alamomin gaggawa da za su zo a ƙasa, abu mafi amfani da mutum zai yi kafin ya je asibiti shi ne ya riƙe littafin fitsari na kwana uku. A ganina wannan ɗan aiki ya fi yawancin abin da mutane ke kashe wa kuɗi amfani, kuma ba ya cin ko kwabo. A samu roba mai faɗin baki da za a keɓe don wannan aiki, a juye ledar ruwa guda a ciki a yi alama a inda ya tsaya, wato mililita 500, sannan a raba shi a yi alamar rabi da ta rubu'i. Wanda ya samu jug mai lamba a jiki ya huta da wannan. Duk lokacin da aka yi fitsari, dare da rana, a rubuta ƙarfe nawa ne, da yawansa, da ko ya zo da gaggawar da ba ta jira, da abin da aka ji bayan an gama da tsawon lokacin da ya ɗauka, da ko an ga jini ko ɗigo. A gefe guda kuma a rubuta duk abin da aka sha da lokacinsa, har da shayin safe da goron da aka ci bayan la'asar. Ba dole kwanakin su zama a jere ba, amma yana da kyau a haɗa ranar aiki da ranar hutu, domin mai shago a kasuwa da ke danne fitsari har sai ciniki ya lafa, da malamar makaranta da ba ta barin aji, ba ɗaya suke da kansu ba a ranar da suke gida.

Babban mutum mai lafiya yakan yi fitsari har zuwa sau 8 a awa 24, ya tashi sau ɗaya da dare ko ma bai tashi ba, jimillar kuma ta kama tsakanin lita 1 da lita 2. Wanda ya ga yana zuwa sau da yawa amma kowane zuwa bai wuce mililita 100 ba, to ko dai mafitsararsa na da gaggawa, ko kuma ba ta zubar da duka. Wanda ya ga jimillarsa ta haura lita 3 ga ƙishirwa ba ta yankewa, ya nemi awon suga ba tare da jinkiri ba. A kuma lura da yanayi: a zafin Maris da Afrilu gumi na kwashe ruwan jiki, fitsari ya yi kauri ya yi duhu, kuma fitsari mai kauri yana ƙara fusata mafitsara, da hunturu kuwa gumi na raguwa fitsari ya ƙaru. Wanda ya yi rubutunsa a watan azumi ya sanar da likita, tun da shan ruwan gaba ɗaya ya koma tsakanin magariba da sahur.

Abin da za a iya gyarawa a gida

A ba fitsari lokacinsa. A zauna ko a tsuguna cikin natsuwa, ƙafafu a dafe da ƙasa, a ɗan sunkuyo gaba, a saki ciki a bar mafitsara ta yi aikinta. A 2014 wasu likitoci a birnin Laidin na ƙasar Holan sun tattara bincike daban-daban, suka ga cewa mazan da furostet ke damu suna barin ragowa kaɗan idan sun yi fitsari a zaune fiye da a tsaye. Mata kuma su guji rataya a saman masai ba tare da zama ba, kamar yadda ake yi a bayin tasha ko na asibiti saboda ƙyama, domin a wannan hali tsokokin ƙasan mara ba sa saki.

Kada a yi yunƙuri. Wanda ya ji murɗa bayan fitsari yakan ɗauka akwai abin da ya rage sai ya dage da nishi, alhali yunƙuri ba ya ƙara wa tsokar mafitsara ƙarfi, sai dai ya jawo basir da gwaiwa ya kuma raunana tsokokin da ke riƙe da mara. Abin da ya fi shi ne fitsari biyu a zama ɗaya: idan na farko ya tsaya, a jira daƙiƙa 20 zuwa 30, a ɗan motsa jiki a sunkuyo gaba, sannan a sake saki. Abin da ya fito ya fito, idan babu sai a tashi.

Ga namiji mai ɗigo, bayan fitsari ya tsaya ya jira kaɗan, ya sa yatsu biyu ko uku a bayan jakar maraina daidai tsakiya, ya danna sama a hankali ya turo gaba zuwa tushen mazakuta, sannan ya bi ta ƙarƙashinta zuwa kai, ya maimaita sau biyu kafin ya ɗauki buta. Yawancin masu fama da wannan suna tsayawa ne a matsar gaba kawai, alhali ragowar tana can baya inda hannunsu bai kai ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin istibra'i, wato tabbatar da fitar ragowar fitsari kafin tsarki, kuma sun ce a yi shi da sauƙi ba da ƙarfi ba, wanda ya yi daidai da abin da likitoci ke faɗa. Na ambaci wannan ne domin akwai bayin Allah da ke ɗaukar rabin awa a bayi suna matsa da ja saboda tsoron lalacewar alwala, har su ji wa kansu rauni, kuma yawan komawa bayi don ɗigo ɗaya yana koya wa mafitsara kiran mutum tun ba ta cika ba. Wanda ɗigonsa na gaske ne kuma ya yawaita, akwai rangwame a hukuncinsa da malami zai yi masa bayani, akwai kuma magani da likita zai nema masa. Wanda kuma ya duba sau da yawa bai ga komai ba, to waswasi ne ke damunsa, kuma shi ma abin a nemi taimako ne a kansa.

Motsa tsokokin ƙasan mara yana taimaka wa maza da mata. Wani likitan mata Ba'amurke mai suna Anold Kegel ne ya yaɗa wannan atisaye tun daga 1948. Tsokar da ake nufi ita ce wadda mutum ke tsukewa idan yana so ya riƙe tusa a cikin jama'a. A tsuke ta daƙiƙa 5, a saki daƙiƙa 5, sau 10, a yi haka sau uku a yini, ba tare da riƙe numfashi ko ƙanƙame ciki da cinyoyi ba. Sakamako yakan ɗauki kusan wata uku. Kada a mayar da katse fitsari a tsakiya ya zama atisaye, domin hakan yana rikita tsarin zubarwa. Wanda kuma ke da ciwo mai ɗorewa a tsakanin cinyoyi, idan ya ga atisayen na ƙara masa, ya dakata ya nemi ma'aikatan sashen gashi su duba shi.

Sai abin da ke shiga baki. Mutane da yawa suna rage shan ruwa don su rage zuwa bayi, sai fitsarin ya yi kauri murɗar ta ƙaru. A sha ruwa daidai gwargwado a rarrabe cikin yini har fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske, a rage shi awa biyu kafin kwanciya, sai dai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Sinadarin kafeyin yana tsokanar mafitsara, kuma yana cikin shayi da kofi da lemon kwalba baƙi da abubuwan sha na ƙara kuzari, yana kuma cikin goro, wanda dattawa da yawa ba sa lissafawa. A rage su na mako biyu a ga ko littafin ya canza. Taurin bayan gida ma yana danne mafitsara ya hana ta zubarwa, don haka ganye da kayan marmari da wake suna da hannu a wannan magani. Akwai kuma magunguna da ke ɗaure fitsari, musamman maganin mura mai sa barci ko busar da hanci, da tiramol da kodin. Dattijo mai girman furostet yana iya shan maganin mura da dare ya wayi gari fitsari ya ƙi fita. Mai shan maganin hawan jini da ke sa yawan fitsari kada ya daina da kansa, ya tambayi likitansa ko za a mayar masa da shi safiya.

Alamomin da ba a jira da su

Idan fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, mara ta kumbura tana ciwo, a tafi sashen gaggawa a wannan lokaci a sa robar fitsari, ko da tsakar dare ne. Jini a fitsari, ko sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, yana buƙatar bincike, musamman ga wanda ya haura shekara 40 ko mai shan taba, domin ciwon dajin mafitsara yakan fara ne da jinin da ba ya ciwo, ya ɓace ya dawo. Zazzaɓi da rawar sanyi da amai tare da ciwo a kwiɓi suna nuna cutar ta hau zuwa ƙoda, kuma sau da yawa ana ɓata kwanaki ana shan maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifod kafin a gane. Ciwon baya da ya zo da rashin jin taɓi a fatar tsakanin cinyoyi, ko raunin ƙafafu, ko kasa riƙe bayan gida, lamari ne na jijiyoyin laka da ake dubawa a ranar. Mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da mai ciwon suga, da duk namijin da ya ji zafin fitsari, su ma kada su tsaya gwaji a gida. Macen da fitsari ke zubo mata dare da rana tun bayan doguwar naƙuda, nata yoyon fitsari ne, ana gyara shi da tiyata, kuma Asibitin Gambo Sawaba da ke Zariya yana cikin wuraren da aka sani da wannan aiki.

A gaban likita

Ana iya farawa daga asibiti mafi kusa, kamar na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko na Gwamna Awan a Kakuri, idan abin ya buƙaci ƙwararre sai a tura mutum asibitin koyarwa, kamar na Barau Dikko a cikin gari ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A tafi da littafin da duk kwalayen magungunan da ake sha, har da na gargajiya. Maimakon a ce wa likita "sanyi ke damuna", a faɗi abin yadda yake: "Likita, wata uku ke nan idan na gama fitsari marata takan murɗa kusan minti biyu, ban ga jini ba, amma ina tashi sau uku da dare, ga abin da na rubuta." Kunya a nan ba ta da riba, kuma wadda ta fi sakewa da mace tana da damar neman ma'aikaciya ta tsaya tare da ita.

Awon farko na fitsari ne. A wanke gaba da ruwa, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar da aka bayar, a miƙa shi da wuri. Ya fi kyau a yi wannan kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda kuma ya riga ya sha kafso ya faɗa, domin yana iya ɓoye cutar a awo ba tare da ya kashe ta ba. Idan tsargiya ake nema ƙa'idar ta bambanta, domin ana so a tari fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a haɗa da ɗigon ƙarshe, lokacin da ƙwayayen suka fi fita.

Awon da ya fi amsa tambayar "ya ƙare ko bai ƙare ba" shi ne sikanin, wato hoton ciki. Ana duba mafitsara a cike, mutum ya je ya yi fitsari, a sake dubawa cikin 'yan mintoci. Ragowar da ba ta kai mililita 50 ba ana ɗaukarta lafiya, wadda ta haura 200 kuwa tana nuna mafitsara ba ta zubarwa yadda ya kamata, abin da ke tsakani kuma ana fassara shi da la'akari da shekaru da sauran alamomi. Wanda aka sa ya sha ruwa fiye da kima kafin hoto yana iya barin ragowa mai yawa a ranar kaɗai, saboda haka ba laifi ba ne a nemi a maimaita. Hoton yana kuma nuna tsakuwa, da girman furostet, da ko fitsari ya fara komawa baya yana kumbura ƙoda. Za a iya ƙarawa da awon jini na suga da na aikin ƙoda, ga maza manya kuma da awon jini na furostet da dubawa da yatsa ta dubura, wanda bai fi minti ɗaya ba kuma bai kamata a ƙi shi ba.

Idan waɗannan ba su warware ba sai a je ga awon gudun fitsari, inda mutum ke yi a cikin wani mazurari mai na'ura. Ana so ya fitar da aƙalla mililita 150 don awon ya inganta. Ga namiji, gudun da ya haura mililita 15 a daƙiƙa alama ce mai kyau, wanda bai kai 10 ba kuwa yana nuna toshewa ko raunin tsoka. Cikakken awon ƙarfin mafitsara shi ne ke bambance waɗannan biyun. Ana zura siririyar roba a mafitsara, wata a dubura don auna matsin ciki, a cika mafitsara da ruwan gishiri a hankali, a sa mutum ya yi tari, sannan ya yi fitsari. Na'ura tana ɗebe matsin ciki daga na mafitsara don ta fitar da na tsokar kaɗai. Ba kowane asibiti ke da wannan na'ura ba, kuma ba kowane majiyyaci ke buƙatarta ba. Wanda aka yi masa, rahotonsa kuma ya ambaci matsewa bayan fitsari, ya tambayi likita ko tsokar ta riƙa motsi tun lokacin cikawa, da ko matsin ya yi yawa alhali gudun ya yi rauni, da nawa ne ya rage a ciki, domin amsoshin nan ne ke yanke hukuncin magani.

Maganin yana bin dalili. Ƙwayoyin cuta ana ba su maganin da awo ya nuna yana kashe su, a kuma shanye shi duka. Tsargiya ana ba ta firazikwantel gwargwadon nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo, a sha bayan cin abinci, amma wanda ya koma ruwan nan zai iya sake kamuwa. Tsakuwa cire ta ake yi. Girman furostet ana fara masa da magani irin tamsulosin mai sassauta ƙofar, wanda kan sa jiri idan an miƙe da sauri. Mai shansa da za a yi wa aikin yanar ido, a Asibitin Ido na Ƙasa da ke nan Kaduna ko a wani wuri, lallai ya sanar da likitan ido tun kafin ranar aiki, domin maganin yana shafar tsokar cikin ido. Mafitsara mai gaggawa kuwa ana fara mata da horo, wato a riƙa ƙara minti 15 a tazarar zuwa bayi sannu a hankali na aƙalla mako shida, sannan idan da buƙata a ƙara da magani mai kwantar da tsokar, irin oksibutinin ko solifenasin ko mirabegiron. A nan ne babban haɗarin sayen magani a kemis yake: maganin da ke kwantar da murɗa yana rage ƙarfin matsawa, don haka idan mai toshewa ya sha shi yana iya ɗaure fitsarinsa gaba ɗaya. Shi ya sa ake auna ragowa kafin a rubuta shi. Biyun farko suna busar da baki, suna taurara bayan gida, suna iya rikita tunanin tsofaffi, kuma ba su dace da masu wani nau'in hawan jinin ido ba; na ukun kuwa yana iya ɗaga hawan jini.

Masu jinyar wanda ke ɗauke da robar fitsari a gida su sani cewa murɗa ta zama ruwan dare a wurinsa, domin ɗan balon da ke riƙe robar yana taɓa wuri mafi saurin ji a gindin mafitsara. Idan fitsari na tsiyaya ta gefen robar, a duba ko ta lanƙwashe, a tabbatar jakar tana ƙasa da mara, a kula da bayan gidansa, kuma kada a ja robar ko a yi ƙoƙarin cire ta. Idan jakar ta daina cika mara kuma na tasowa, robar ta toshe, a kai shi asibiti nan take.

Bayan mako shida zuwa wata uku da fara magani ko gyaran ɗabi'a, a sake rubuta wasu kwana uku da roba ɗaya da aka yi amfani da ita da farko, a tafi da tsohon littafin da sabon ranar komawa asibiti, likita ya ɗora su gefe da gefe kafin ya yanke ko a ci gaba da maganin, ko a canza shi, ko a dakatar.